Yara ƙanana da gobara: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Haka ne, amma ɗan shekara huɗu da ya farka tsakar dare ya tarar ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi ba zai tsaya tuna huɗubar da aka yi masa ba. Abin da jikinsa ya saba yi shi zai yi, in kuwa bai saba da komai ba sai ya shige ƙarƙashin gado. Shi ya sa za ku ga amsoshin nan suna yawan komawa kan gwaji a aikace, da kuma rarrabe abin da yake aikin yaro da abin da yake nauyin manya.

Daga shekara nawa ake fara koya wa yaro?

Daga ranar da ya fara rarrafe yana kai hannu kan duk abin da ya gani. Sai dai kowace shekara da abin da take iya ɗauka. Ɗan shekara ɗaya ko biyu kalma ɗaya ta ishe shi: "Zafi!" A faɗe ta duk lokacin da ya nufi dutsen guga ko risho ko kofin ruwan zafi, sannan a ɗauke shi daga wurin. A waɗannan shekarun ba darasi ne ke tsare yaro ba, nisa ne. Abin da zai ƙona shi ya zauna inda hannunsa ba ya kaiwa.

Daga shekara uku zuwa biyar yaro yana iya riƙe ƙa'idoji uku ko huɗu in ana maimaita su cikin wasa: in ya ga ashana ya gaya wa babba, in ya ga hayaƙi ko ya ji ƙararrawa (na'urar da ke kuka in hayaƙi ya same ta) ya fita, ya san inda ake haɗuwa a waje, kuma ba ya komawa ciki. Daga shekara shida sai a ƙara masa adireshin gida, lambar kiran gaggawa, da yadda ake taɓa ƙofa kafin a buɗe.

Duk da haka, kada kowa ya kwanta da tunanin cewa yaron da bai kai shekara biyar ba zai fitar da kansa. Kowane ƙaramin yaro a san babban da zai ɗauko shi, a kuma san wanda zai tsaya a madadinsa ranar da ba ya gida.

Ba zan sa masa tsoro ba in na yi ta zancen gobara?

Ya danganta da yadda aka yi zancen. Nuna wa yaro hoton wanda ya ƙone, ko ce masa "wuta za ta cinye ka", tsoro kawai yake bar masa, bai ba shi abin yi ba. Yaron da ya firgita kuwa sandarewa yake yi a wuri ɗaya. Ku yi maganar da muryar da kuke koya masa tsallaka titi: ga haɗari, ga abin da muke yi, shi ke nan. In ya ce, "Mama, gidanmu ma zai ƙone?" kada a ce masa ba zai taɓa yiwuwa ba. A ce, "Da wuya, domin muna kula. In ma ya faru, ai mun san hanyar fita." Kuma a bar zancen da rana, ba lokacin kwanciya ba.

In abu ɗaya kawai zai riƙe, wanne ne?

Fita, kada ka ɓuya, kada ka koma.

Ɓuyan nan shi ne babbar matsala. Ƙaramin yaro yana ganin abin da bai gani ba shi ma ba zai gan shi ba, don haka in ya tsorata sai ya nufi ƙarƙashin gado, ko cikin kabad, ko bayan labule, ko ya ja bargo ya rufe kansa. 'Yan kwana-kwana sun san wannan, waɗannan wuraren suke fara lalubawa in an ce akwai yaro a ciki. Akwai kuma dalili na biyu da iyaye ba su cika tunawa da shi ba: in shi ne ya kunna wutar, yana ɓuya ne daga Baba, ba daga wuta ba. Za mu dawo kan wannan a batun ashana.

Shi kansa ɗan kwana-kwana abin tsoro ne a idon yaro. Mutum ne ya shigo cikin duhu da hular ƙarfe, fuska a rufe, numfashinsa yana wani gurnani ta cikin abin shaƙar iska, wataƙila da gatari a hannu. Yaron da bai taɓa ganin irinsa ba sai ya ƙara lafewa. Ku nuna masa hotunansu da cikakkiyar shiga tun yanzu, in da hali ku kai shi ofishinsu ya ga mutum yana sa kayan yana cirewa. Ku koya masa ya ɗaga murya ya ce, "Ga ni nan!"

Komawa ciki kuma yawanci saboda 'yar tsana ce, ko kyanwa, ko ƙane. Abin da za a ce masa: "In ka tuna wani yana ciki, gaya wa babban da ke waje. Aikinka ke nan."

Me ya sa ake cewa a yi rarrafe?

Domin a gobarar gida hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Hayaƙi mai zafi sama yake tashi, ya taru a rufi, sannan ya dinga sauka, don haka iskar da ta fi dama-dama tana can kusa da ƙasa. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda take kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, in kuma katifar soso ko roba ce ke ci, har da wata gubar da ake kira sayanaid. Shaƙa kaɗan ta isa ta rikita mutum ya kasa gane ƙofar ɗakinsa. Yaro kuwa numfashinsa ya fi na babba sauri, hanyoyin iskarsa kuma ƙanana ne, don haka shi yake riga galabaita.

Wani abin da bai kamata a ɓoye wa yara ba shi ne gobara duhu ce. A talabijin ana nuna ta da haske, mutane suna ta zirga-zirga suna ganin juna. A zahiri baƙin hayaƙi ne, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Wasan da ya fi amfani a nan shi ne manya biyu su riƙe zanin gado daidai ƙugunsu, a ce wannan ne hayaƙi, yara su bi ta ƙarƙashi da hannu da gwiwa har ƙofa. In sun ƙware sai su yi ido rufe, hannu ɗaya yana bin bango.

Ashe wuta tana sauri har haka?

Tana yi. Ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda take aikin kare gobara tun 1896, tana cewa mai yiwuwa minti biyu kacal mutum yake da su daga lokacin da ƙararrawa ta kaɗa. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ɗakin da aka cika da kayan zamani yana kamawa gaba ɗaya da sauri fiye da ɗakin da ke da kayan katako da auduga irin na da, saboda soso da roba da yadin nailan daga man fetur aka yi su. Ba lokacin neman takalmi ba ne, ba na sa riga ba.

Me yaro zai yi in ya tarar da ƙofa a rufe?

Ya taɓa ta da bayan hannu, ita da mariƙinta. In da sanyi, ya buɗe kaɗan ya leƙa, in hanya ba hayaƙi ya wuce. In da zafi, ko hayaƙi yana shigowa ta ƙarƙashinta, kada ya buɗe, ya nemi hanya ta biyu. In babu, ya toshe ƙasan ƙofar da tawul ko tufafi, ya je taga, ya buɗe, ya yi ihu, ya dinga kaɗa zane mai haske ko tocila har a gan shi. Tsalle daga bene ba ya cikin abin da ake koya wa yaro.

Rufaffiyar ƙofa aba ce mai daraja fiye da yadda ake zato. Wuta tana buƙatar abu uku kafin ta ci: zafi, abin ci, da iska. Ƙofa tana rage mata iska, tana kuma tare hayaƙi da zafi na wasu mintoci. Saboda haka ake son yara su saba kwana ƙofar ɗaki a rufe, kuma in ana gudu a ja ƙofa a baya. A rufe aka ce, ba a datse da makulli ba. In ƙofar waje tana da kwaɗo ko tagogi suna da ƙarfen tsaro, kowa a gidan ya san inda makulli yake kwana, kuma wuri ɗaya ne kullum, kusa da ƙofar, inda za a lalubo shi cikin duhu.

Yaya ake yin atisayen fita a gida ba tare da ya zama wasan banza ba?

Ku fara da takarda da fensir. Yara su zana gidan, ku taya su sa alamar hanya biyu daga kowane ɗaki, yawanci ƙofa da taga. A nan ne manya da yawa suke gano cewa tagar da suke taƙama da ita ta shekara ba ta buɗuwa, ko an jibge kaya a bakin ƙofar baya.

Sannan ku zaɓi mahaɗa a waje: bishiya, ko turken fitilar titi, ko ƙofar wani maƙwabci. Abu ne da ba ya motsi, don haka ba mota ba. Ya kasance da ɗan nisa da gida, ta gefen da masu kawo agaji za su iso. Amfanin mahaɗa shi ne ƙirga kai. Mutane sun rasa rayukansu wajen komawa neman yaron da tuni ya fita ta baya.

Atisayen farko a yi shi da rana, a sanar, a yi dariya. Wani ya kunna ƙararrawa ko ya yi ihu, "Wuta! Wuta!", kowa ya bi hanyarsa, a duba agogo. Burin shi ne ƙasa da minti biyu. A karo na gaba sai Baba ya tsaya a bakin wata ƙofa ya ce, "Nan wuta ce, ba hanya," a ga yadda za su yi. Daga baya a gwada da dare, amma a gaya musu kafin su kwanta cewa yau akwai gwaji. Tayar da yaro a firgice ba ya koya masa komai. Sau biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci, a kuma sake in an tashi daga gida ko an sauya wa yara ɗaki. Masu zama a dogon gini su nuna wa yara matakala, su gaya musu ba a shiga lif lokacin gobara.

A sa kaka da mai aiki da duk mai kwana a gidan. In Kaka tana tafiya da sanda, a atisaye ne za a gane wa zai riƙe ta.

Muna da ƙararrawar hayaƙi. Ai za ta tashe su, ko?

Kada ku dogara da hakan. Yara suna da nauyin barci fiye da manya. A wani bincike da aka wallafa a 2018, masana a wani asibitin yara da ke jihar Ohio ta Amurka sun gwada yara 176 'yan shekara 5 zuwa 12. Ƙarar da aka saba ji ta tayar da kusan rabinsu ne kawai, amma ƙararrawar da aka sa wa muryar uwa ta tayar da kusan tara cikin goma. Ma'ana, ku manya ne na'urar za ta tasa, ku kuma ku taso yaran.

Wannan bai rage mata daraja ba. Gidan da ke da ƙararrawa mai aiki, haɗarin mutuwa a gobara yana raguwa da kusan rabi. A danna maɓallin gwaji kowane wata, yara suna wurin don su san sautin, a sauya batir in ta fara ɗan kukan nan na lokaci-lokaci, a sauya na'urar kanta bayan shekara 10. Inda babu ita, ihun babba ne ƙararrawa, sai a ƙara kula da abin da ake bari a kunne in za a kwanta: kyandir, maganin sauro na kunnawa kusa da katifa, waya a caji a ƙarƙashin matashi. Garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki kuwa ko gobara ba ta tashi ba suna kisa, domin kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi.

In wuta ta kama rigarsa fa?

Tsaya, kwanta, birgima. Ya tsaya cak, domin gudu hura wutar yake yi. Ya kwanta ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu, ya yi ta birgima hagu da dama har ta mutu. Babban da ke kusa ya lulluɓe shi da bargo mai kauri ko ya kwara masa ruwa.

Yara suna son wannan darasin saboda birgimar, kuma nan matsalar take. Sukan riƙe shi fiye da komai, har in ka tambayi wasu me za su yi in gida ya kama wuta, sai su ce za su kwanta su yi birgima. Don haka a raba darussan biyu, kada a koyar da su rana ɗaya, kuma a dinga jarraba su: "Rigarka ta kama wuta, me za ka yi? To, ɗaki ya cika da hayaƙi, me za ka yi?"

Na kama ɗana yana ƙyasta ashana a ɓoye. In zane shi?

A'a, kuma ba don tausayi kawai ba. Duka ba ya kashe sha'awar wuta, wurin wasan yake sauyawa. Yaron da aka zane a tsakar gida gobe zai ƙyasta a ƙarƙashin gado ko cikin kabad, wato daidai inda katifa da tufafi suke. In kuma abu ya kama, ba zai zo ya faɗa ba. Zai ja ƙofa ya yi shiru, ko ya tsaya yana ƙoƙarin kashewa da kansa, mintocin nan biyu su wuce a banza.

Ku karɓi ashanar, ku nuna ɓacin ranku a fili, ku zauna da shi. Ku tambaye shi inda ya samo ta, sau da yawa amsar tana nuna sakacin wani babba ne. Sannan ku yi masa alƙawarin da za ku cika: "Duk ranar da ka ga wuta, ko da kai ka kunna ta, ka zo da gudu ka gaya mini. Ba zan dake ka ba." In ya zo ya ce ya ga ashana a ƙasa, a yaba masa sosai. Ƙa'idar ƙananan ita ce su faɗa, ba su ɗauko su kawo ba.

Son ganin wuta ba alamar mugun hali ba ce ga ɗan shekara huɗu ko biyar, son sani ne. Yaron da ya kai bakwai ko takwas ana iya koya masa ƙyasta ashana a gabanku, da sharaɗin sai babba yana wurin. Amma in yaro yana maimaitawa bayan an yi magana, yana tara ashana a ɓoye, yana ƙona kayan wani da gangan, ko yana yi ne duk lokacin da ransa ya ɓaci, wannan ya wuce son sani. A nemi likitan yara ko masanin halayyar yara, domin sau da yawa wata damuwa ce take fitowa ta nan.

Game da laita mai makullin yara: dokar da Amurka ta kafa a 1994 ta ce sai kashi 85 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kasa kunna ta kafin a amince da ita. Ku lura, saura 15. A ajiye ashana da laita a sama, a kulle, har da waɗanda ke jakar hannu da aljihun baƙi.

Wasu suna cewa a bar yaro ya taɓa wuta sau ɗaya, in ya ji zafi ya daina. Haka ne?

Ba haka ba ne. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, zafin da zai sa babba ya janye hannu kawai yana iya yi wa yaro rauni mai zurfi, tabo a tafin hannu kuwa yana iya ƙanƙance yatsu yayin da yaro ke girma. In ana so ya fahimci kalmar, a riƙe hannunsa daga nesa ya ji hucin, a ce "zafi".

Ɗakin girki fa? Ba zan iya hana su shiga ba.

A nan ne yawancin ƙunar yara ƙanana take faruwa, kuma galibi ba harshen wuta ba ne, tafasasshen ruwa ne da mai da abin da ke cikin tukunya. Ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana iya yi wa yaro mummunar ƙuna cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ku shata iyaka ta kimanin mita ɗaya kewaye da murhu, ku ja layi da alli ko tef, yara su san ba a tsallake shi in ana girki. Mariƙin tukunya ya kalli ciki. Ba a ɗaukar yaro a hannu ɗaya, abu mai zafi a ɗaya. Ba a ajiye tukunyar da aka sauke a ƙasa inda mai rarrafe zai iso. Wajen haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi, domin yara da yawa sun faɗa cikin bokiti ne a ɗan tsakanin da uwa ta juya ɗebo ruwan surki.

Manyan yaran da suka fara taya girki su san abu biyu. Na ɗaya, in mai ya kama wuta ba a zuba masa ruwa. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man, nan take ya zama tururi, ya kumbura kimanin sau 1,700, ya watso man da wutar har rufi. Babba ne zai kashe risho ya rufe da murfi, ya bar tukunyar a inda take. Na biyu, warin gas. Shi gas asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa ɗoyin nan. A 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London da ke jihar Texas ba wanda ya ji, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai, daga nan aka wajabta sa masa wari. Yaro in ya ji shi, kada ya taɓa makunnin lantarki, kada ya ƙyasta komai, ya fita ya kira babba. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, wato daidai tsayin hancin yaro, don haka in ƙaramin ya ce yana jin wari, a saurare shi.

In koya wa babbar 'yata kashe ƙaramar wuta?

In ba ta kai shekarun balaga ba, a'a. Na'urar kashe gobara ta manya ce, kuma ƙaramar ta gida cikin 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa. Ita ta yi ihu, ta ja hannun ƙanenta in yana kusa da ita, su fita. Kada a ce mata "ƙannenki amana ne a hannunki" a batun gobara. Yarinyar da aka gaya wa haka za ta koma ciki.

Zan fita na minti goma kawai, suna barci. In kulle su?

Wannan ita ce tambayar da amsarta ta fi gajarta: kada ku yi. Gobara da yawa da suka ci yara ƙanana haka suka faru, an bar fitila ko kyandir, an datse ƙofa daga waje, maƙwabta suna jin kuka suna fama da kwaɗo. A tafi da su, ko a kira wani babba ya zauna.

Yaya zan koya masa kiran agaji?

Lambar ta danganta da ƙasa: 911 a Amurka, 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da wasu da dama, 18 ta 'yan kwana-kwana a Faransa. Ku tabbatar da wadda ke aiki a inda kuke, ku rubuta ta a bango. Ku yi wasan waya da wayar da aka kashe: ku ne mai amsawa, shi ya faɗi sunansa, abin da ya faru, da inda gidan yake, har da wata alama da ke kusa. Ya san ba ya kashe waya sai an ce ya kashe, kuma daga waje ake kira, ba daga cikin gidan da ke ci ba. Ku nuna masa yadda ake kiran gaggawa ko waya tana kulle. Ɗan shekara uku ko huɗu kuwa, ya buga ƙofar maƙwabta yana ihu ya wadatar.

Ya ƙone. Me zan sa masa?

Ruwa. Ruwan famfo mai ɗan sanyi, yana zuba a kan wurin har minti 20. Ku duba agogo, domin minti 20 da yaro yana tsala kuka yana da tsawo, kuma mutane da yawa tun kafin lokacin ya cika suke tsayawa. Fata tana ci gaba da dahuwa bayan an raba ta da wuta, ruwan ne yake tsayar da hakan. Ko an makara, yana da amfani har cikin awa uku na farko. A cire zobe da awarwaro da tufafin da ba su manne ba tun wurin bai kumbura ba, wanda ya manne da fata kuwa a bar shi. Wurin ƙunar kawai ake sanyayawa, sauran jikin a lulluɓe shi, domin ƙaramin yaro yana saurin ɗaukar sanyi.

Ban da ƙanƙara, tana ƙara lalata fata. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da man shafawa, ban da toka, ban da gishiri. Kowa yana da wanda ya rantse masa cewa ɗaya daga cikinsu yana aiki, amma abin da suke yi shi ne riƙe zafi, shigar da ƙwayoyin cuta, da sa ma'aikacin asibiti ya kankare su daga kan ciwo kafin ya fara magani. Ba a fasa bororo. Bayan ruwa, a rufe da leda mai tsabta irin ta naɗe abinci, ko ƙyalle mai tsabta marar gashi, a ɗora kawai ba a ɗaure tam ba.

A tafi asibiti in ƙunar ta kai girman tafin hannun yaron, ko tana fuska, wuya, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari fat ko baƙi, ko lantarki ne ko wani sinadari, ko ya shaƙi hayaƙi, ko kuma jariri ne. Ƙunar da ba ta zafi ba alamar sauƙi ba ce, mai yiwuwa ta kai ga jijiyoyi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Shi yaron kansa abin da zai sani kaɗan ne: ruwa, sannan ka gaya wa babba, kada ka ɓoye.

Me zan tambaya a makarantarsu?

Ku tambayi malam yaushe aka yi atisaye na ƙarshe, ina mahaɗa, wa yake fita da rajista don kiran suna. Sannan ku zaga da idonku: ƙofa nawa ajin yake da ita, ana kulle wata lokacin karatu, ajin ƙanana yana ƙasa ne ko a bene, ɗakin girki yana jikin azuzuwa?

Waɗannan tambayoyin daga masifu aka koyo su. A 1908, a Collinwood da ke Ohio, yara 172 suka mutu bayan sun cunkushe a gindin matakala, gaban ƙuntatacciyar mafita. A 2004, a Kumbakonam da ke kudancin Indiya, wuta ta tashi daga ɗakin girki ta kama rufin ciyawa, yara 94 suka rasu, mafitar kuma matakala ce siririya. Kusan shekara ɗari tsakani, amma ciwon ɗaya ne. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai fita a layi da sauri ba tare da gudu da ture-ture ba, a bar jaka a bar takalmi.

Ɗana ba ya ji sosai. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai ƙararrawa mai walƙiya da mai girgiza matashi. Ku tsayar da alama ɗaya ta hannu da ke nufin "wuta, fita", kowa a gidan ya iya ta. Yaron da ƙara take rikita shi a saba masa da sautin kaɗan-kaɗan daga nesa, wanda ba ya iya tafiya kuma ɗakinsa ya kasance a ƙasa kusa da mafita.

Mun taɓa yin gobara, yanzu ko kyandir ta gani sai kuka. Mu yi atisaye da ita?

Ba yanzu ba. Mafarkin tsoro, fitsarin kwance bayan ta daina, manne wa uwa, maimaita labarin ko yin wasan gobara da 'yan tsana, duk abubuwa ne da ake gani a makonnin farko. Ku bar ta ta faɗa in tana so, kada a tilasta ta. In tana zaton laifinta ne, ku gaya mata a fili cewa kula da wuta aikin manya ne. Ku mayar da lokacin barci da na makaranta yadda suke a da. In ta fara sakewa, sai a soma da ɓangaren da ba shi da tsoro, ita ta zana taswirar gida, ita ta zaɓi mahaɗa, a bar ƙararrawa sai daga baya. In an wuce wata guda abin bai ragu ba, ko yana hana ta barci da cin abinci da zuwa makaranta, a kai ta wurin likita.